Igiya Huɗu

Ranar da suka kai ka, Ilu,
ban bi su har kushewa ba.
Na zauna shago, ƙyaure ɗaya a rufe,
don kwantarbas ɗinka na jingine a lungu,
cikinta ɗaure da robar tayar keke,
gam bai gama bushewa ba.

Kai ka kawo ta ran Talata,
bisa amalanken Ɗan Jimma, kwance kamar majinyaciya.
Ka ce, "Kafinta, zafin bana ya sake tsaga ta."
Na ce ka dawo Asabar.
Asabar ta zo ita kaɗai.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinke mata haƙarƙari.
Itacenta na ƙasar sanyi ne,
bai san bazarar Maraɗi ba, ya kuma ƙi koyo.
Ni da na saba da ƙyaure da bencin lakwal,
a hannunka na ji cewa katako na numfashi.
Ka hana ni ƙusa. Ka ce ba a yi wa mai rai haka.

Yaran Bagalam na bin ka da waƙa,
wai ga mai gurmin da ya ci ya ƙoshi.
Ba ka taɓa korar su ba.
Sai ka tsaya, ka ja igiya mafi kauri,
su ji abin a cibiyarsu, su watse da dariya.

Na taɓa tambayarka, shin mene ne jaz ɗin nan?
Ka daɗe kana juya shayi.
Ka ce, "Ka san hirar bayan isha a gindin bedi,
kowa da zancensa, ba mai take na wani?
To, ni ce tabarmar."

Tafi na mai busa ne, liƙi na mai waƙa.
Kai kana can baya, kusa da bango,
ido rufe, kai sunkuye,
kamar mai sauraron tukunya ko ta nuna.
Sai daren nan a gidan matasa
da kuran ya ɗauke tsakiyar kiɗa:
jita ta mutu, bakin Sidiku ya mutu a makirho,
duhu ya zauna kan kowa.
Kai ba ka tsaya ba.
Dum, dum, da sauƙi, kamar raƙumi a rairayin Gulbi.
Ba wanda ya tashi. Ko mai tsire ya bar fifita.
A daren muka gane
wa ke ɗauke da mu tun farko.

Sun kira ka Yamai, sun kira ka Abijan.
Ka je, ka dawo da faifai biyu da tari,
ka ce can ba su iya fura ba.
Ƙarya kake, Ilu. Tsohuwarka ce ta makance,
kai kuma ba ka yarda wani ya ja mata sanda.

Ina bin ka jika uku na gyaran bara.
Na yafe. Allah ya yafe mana sauran.

Jiya Sabi'u ya zo, yaron da kake koya wa,
ya tsaya bakin ƙofa, hannu a aljihu.
Na ce shigo, ya ce sai an yi arba'in.
Yatsunsa na gani suna motsi cikin aljihun.

Na kwance robar yau da hantsi.
Tsagar ta kama, ko ƙuma ba ta shiga.
Aiki ya yi kyau, ba mai cewa madalla.

Amma in manyan motoci suka bi hanyar Ɗan Isa da dare,
ƙasa ta girgiza, kwanon shago ya amsa,
igiyar nan mai kauri takan yi gunji ita kaɗai,
ƙasa-ƙasa, kamar gyaran muryarka a bakin ƙofa.
Sau biyu ke nan ina ajiye zarto
ina cewa, "Na'am."